Rumbun da Ya Fito Tsakanin Baba da Inna

Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe ambulan ɗin hotuna a ƙofar ɗakin mahaifiyata ba, ranar sadakar arba'in ɗin Baba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, ko ina tsakiyar cin abinci ne sai na tsame hannuna.

Bari in fara daga kyamarar, tunda ita na daɗe ina ɗora wa laifi. Lokacin ban jima da samun aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Makarfi ba, kuma wayoyi masu ɗaukar hoto ba su iso mana ba tukuna. Mai son hoto sai ya kira mai hoto, ya sa kayansa na fita kunya, ya tsaya ƙiƙam, sannan ya jira a wanko masa. Ni kuwa albashi ya fara shiga aljihu, kai ya fara kumbura. Na sayi babur, na sayi agogo, sai zuciya ta ce saura kyamara.

A wani shago a Zariya aka jera mini iri uku. Ta farko ta roba ce, ba nauyi, irin wadda ake saya wa yara, na ture ta gefe don ban ga ta dace da ma'aikacin gwamnati ba. Ta biyu babba ce, baƙa, mai dogon baki, wadda sai ka murɗa gilashinta da hannunka har hoton ya daidaita kafin ka danna. Ita raina ya so, amma kuɗinta ya fi ƙarfina, kuma a ɓoye ina tsoron kada ta kunyata ni a gaban mutane. Ta ukun ita ce tsaka-tsaki. Tana aiki da batir, tana naɗe fim da kanta, bakinta yana miƙowa idan kana son jawo fuskar mutum kusa, sannan ita take daidaita ganinta ba tare da ka murɗa komai ba.

"Malam, wannan ba ta buƙatar wani ilimi," in ji mai shagon. "Ka nuna mata mutum, ka danna, shi ke nan. Idonta ya fi naka."

(Da ina da hankali, da maganar nan ta ɗan sosa mini rai. Amma daɗi na ji, don abin da nake nema ke nan: a ce na iya, ba tare da na koya ba.)

Kuma gaskiya ba ta ba ni kunya da wuri ba. Fim ɗin farko da na biyu duk sun fito tar. Abokan aikina ne a ciki, sun rungumi kafaɗun juna, sun cunkushe wuri guda kamar buhunan da aka jera a mota. Nan da nan na zama mai hoton ofis. Ina rataye ta a wuya har zuwa masallacin Juma'a, ina yi wa mutane bayanin abin da ni kaina ban sani ba.

Baba manomi ne a Likoro, dawa da masara ya sani, kuma duk rayuwarsa ba ya son hoto. Ba wai yana ganin haramun ba ne, kawai dai tsayawa a zuba masa ido ne ba ya so. Hotonsa ɗaya tilo na jikin wani tsohon kati ne, shi ma ruwa ya taɓa shi har fuskar ta goge. A shekarar ya yi doguwar jinya ya tashi, ya rame, amma ya samu ya yi azuminsa. Ranar Ƙaramar Sallah da la'asar muna zaune a tsakar gida, Gwaggo Asabe, yayarsa, wadda ita kaɗai ce a duniya take ba shi umarni, ta dubi abin da ke rataye a wuyana ta dube shi.

"Yau dai sai an ɗauke ka," ta ce. "Jikoki za su zo su tambaya, me za a nuna musu?"

Sai Baba ya ce a miƙo masa hularsa. Kowa ya san ya yarda ke nan.

Baffa Sale, ƙaninsa, ya matso kusa da ni ya rage murya. "Tunda Allah ya sa yau ya amince, a tura a kira mai hoton nan na Kudan mana. Shi ma ya ɗauka, kai ma ka ɗauka."

Shawara ce mai kyau, kuma a asirce ya ba ni ita. Ni kuwa da ƙarfi na ba shi amsa, yadda har matan da ke bakin murhu za su ji. Na ce kyamarar wancan mutumin ta tsufa, sai ya yi ta murɗe-murɗe kamar mai gyaran rediyo, wannan kuwa da suke gani ita take gani da kanta. Baffa ya ce, "To, madalla," ya koma ya zauna.

Gwaggo ta ce ba za a ɗauki Baba shi kaɗai ba, sai Inna ta zo. Nan aka sha fama. Inna ta ce tana da aiki, ta ce zanenta ba na hoto ba ne, ta shige ɗaki sai da Gwaggo ta bi ta ta jawo ta. Ni dai tun da na buɗe ido ban taɓa ganin iyayena zaune a kan tabarma ɗaya a gaban mutane ba. Haka suka taso, haka suka tsufa, kuma ba rashin so ba ne. Aka ajiye benci a inuwar katanga. Baba ya zauna a wannan ƙarshen, Inna ta ɗosana a wancan ƙarshen, ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Filin da suka bari a tsakaninsu zai ɗauki mutum guda har da kayansa.

"Inna, a ɗan matsa kaɗan," na ce.

"Kai, rufe mana baki, marar kunya," in ji Gwaggo. "Ɗauki abinka a haka."

Baba kuma ya ce kada in haska masa wutar nan a ido, sai na kashe filashin. Na miƙo bakin kyamarar don fuskokinsu su cika hoton, na leƙa ta 'yar tagar, na sa Baba a dama, Inna a hagu, komai daidai wa daida. Na danna. Kafin in sake dannawa Gwaggo ta ce wa Inna ta ɗago kai, ai ba yau aka kawo ta gidan ba. Inna ta ɗago tana danne dariya, Baba kuma ya yi murmushi, irin wanda ba kasafai muke samu ba. Na gan shi da idona ta cikin tagar nan, na danna. Na ƙara ɗaya, sai ya ce ya isa, ya miƙe.

Fim ɗin mai ɗaukar hoto talatin da shida ne, kuma ko rabi bai kai ba. Ni kuma ina da wata doka da na kafa wa kaina, wai ba a kai fim wanki sai ya cika, don kada a yi asara. (Mutumin da ya sayi agogon da ba ya buƙata, shi ne yake tsimin rabin fim.) Haka kyamarar ta koma Makarfi da iyayena a cikinta, ina ɗaukar hoto ɗaya yau, ɗaya bayan mako biyu. Duk zuwan da na yi gida sai Baffa ya tambaya. Sau ɗaya Baba da kansa ya tambaye ni, muna dawowa daga gona, bai ko dube ni ba.

"Ina hoton namu?"

"Fim ɗin bai cika ba tukuna, Baba."

"To, Allah ya cika shi," ya ce.

Ciwon ya dawo masa da farkon damina, wannan karon bai tashi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

A zaman makoki 'yan uwa suka zo daga Paki da Ikara da sauran wurare, sai wani a cikinsu ya ce abin tausayi, bawan Allah ya tafi bai bar ko hoto ba. Ina cikin baƙin ciki na gaske, wallahi, amma wannan bai hana tsohon halina ɗagowa ba. Na ce akwai hoto, ni na ɗauka da hannuna, shi da Inna, har yana murmushi. Na ce ranar arba'in kowa zai gani, kuma duk mai so za a wanke masa nasa. Maganar ta shiga cikin gida har ta kai kunnen Inna a ɗakin takaba.

Na koma Makarfi na ƙarar da sauran fim ɗin a kan duk abin da na gani, na kai Zariya aka wanke. Da aka miƙo mini ambulan ɗin ban buɗe ba. Rabin dalilin shi ne ba na jin zan iya kallon fuskar Baba ni kaɗai a tsakiyar kasuwa. Ɗaya rabin kuwa, in faɗi gaskiya, so nake a buɗe a gaban kowa, a ce kai, yaron nan ya yi abin kirki.

Ranar arba'in, bayan an yi addu'a an raba sadaka, na shiga cikin gida. Inna tana zaune daga cikin ɗakinta kusa da ƙofa, Gwaggo a bakin ƙofar, Baffa a tsaye, mata da sauran dangi sun kewaye mu. Na durƙusa na buɗe ambulan ɗin, na fara zaro hotunan ɗaya bayan ɗaya ina neman na Baba da Inna, waɗanda na wuce kuma ana karɓa ana miƙa wa na gaba. Ga babur ɗina ta gefe. Ga babur ɗina ta gaba. Ga abokan aikina suna cin tsire. Ga ni na jingina da motar da ba tawa ba. Kowanne ya fito fes, har lambar motar ana iya karantawa.

Sai na iso kansu.

Rumbunmu na dawa, wanda ke can ƙarshen tsakar gida, shi ne ya fito. Ya fito ta cikin filin nan da Baba da Inna suka bari a tsakaninsu, kowane tsinken ciyawar jinkarsa ana gani, har da wata akuya da ke kwance a gindinsa. Su kuwa mutanen da aka taru dominsu, dishi-dishi suka fito, kamar fuska a ruwan randa da aka motsa. Ana gane farar riga da hula a dama, ana gane shuɗin mayafi a hagu. Ido, hanci, murmushin nan da na yi wa mutane alkawari, babu ko ɗaya. Na duba na biyu, na duba na uku. Duk ɗaya ne.

Gwaggo ta karɓa ta kai kusa da idonta, ta nisantar, ta goge da bakin zanenta ta sake dubawa. Wata tsohuwa daga bayanta ta leƙo ta ce ai ta gane akuyar. Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Baffa ya karɓa ya daɗe yana kallo, na jira ya tuna mini da mai hoton Kudan, don na cancanci hakan. Bai yi ba, ya mayar wa Gwaggo kawai, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Gwaggo ta miƙa wa Inna. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye a gaban mutane ba. Ta riƙe hoton da hannu biyu, ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta juya wajen Gwaggo, alhali ina durƙushe a gabanta, ta ce a hankali:

"Yaya, tambaye shi ko akwai wani."

Gwaggo ba ta maimaita ba, don ta san na ji. Na ce babu. Ban taɓa furta kalmar da ta yi mini nauyi a baki kamar wannan ba. Inna ta ce, "To, ba komai," ta ɗaga gefen katifarta ta saka hotunan uku a ƙarƙashi.

Daga baya na koma Zariya da fim ɗin ina roƙon ko za a iya gyarawa, aka ce abin da bai shiga ba ba ya fitowa. Wani abokin aikina mai irin kyamarar shi ya nuna mini abin da ya faru. A tsakiyar 'yar tagar da ake leƙawa akwai ɗan ƙaramin zane, kuma duk abin da zanen nan ya hau, shi kyamarar take daidaita ganinta a kai. Abokaina da ke cunkushewa wuri guda, dole zanen ya hau ɗayansu. Iyayena kuwa kunya ta raba su, sai zanen ya wuce ta tsakaninsu ya sauka a kan rumbu. Maganin abin ba shi da wuya ko kaɗan: ka ɗora zanen a fuskar mutum ɗaya, ka danna maɓallin rabi ka riƙe, ka gyara tsayuwar hoton, sannan ka ƙarasa dannawa. Rabin dannawa ne ya raba 'ya'yana da fuskar kakansu, shi da tsimin rabin fim. Da na kai wanki a makon Sallar, da na ga ɓarnar tun Baba yana da rai, da Gwaggo ta sake zaunar da shi.

Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba, amma da tsada na saye shi. Na'urar da aka ce tana gani da kanta, abin da ke gabanta take gani, ba ta san wanda kake ƙauna ba. Kuma idan dattijo ya ce a kira wani ya taya ka, ka bari a kira.

Yanzu ina da yara, kuma kamar yadda Gwaggo ta faɗa, sun zo sun tambaya. Kwanakin baya muna Likoro ƙaramar 'yata ta matsa wa Inna sai ta faɗa mata kamannin kakanta. Ina zaune a gefe, na sunkuyar da kai ina jiran a ɗaga katifa. Inna ba ta ɗaga ba. Ta nuna inda nake da haɓa, ba tare da ta dube ni ba.

"Ki kalli ubanki," ta ce, "ki cire surutun."