Matar da Na'ura Ta Ce Ba Ta da Rai

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, ko da na so, domin har yau ana tuna mini ita a ƙofar coci.

Sati biyu ke nan da dawowata daga wani horo na nas-nas a Kafanchan, inda aka koya mana mu daina aiki da "haka muka saba", mu bi abin da bincike ya tabbatar. Aka ba mu wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa, tana nuna bugun zuciya da yawan iskar da ke cikin jini. Na koma ƙaramin asibitinmu da ke wani ƙauye kusa da Godogodo kaina a kumbure. Na kwafi ƙa'idodin amfani da ita na manna a bango (hannuna ne kawai ya kwafa, ni ai na je horo, me zan karanta?).

Burina ɗaya ne: Mama Saratu ta karɓi na'urar nan. Tsohuwar nas ce, ta fara aiki tun ba a haife ni ba, kuma in ba ta yarda da abu ba, a kabad zai ƙare. Kullum sai na yi mata wa'azi.

"Mama, yanzu hujja ake bi, ba zato ba."

Ita kuwa sai ta ce, "To, Sista, mun ji."

A ƙofar asibitin akwai fastar rasuwa, irin wadda ake mannawa kafin biso. Hoton wata tsohuwa ce mai tabo a goshi, tana kallon mutum kai tsaye. Kwana huɗu ina wuce ta safe da yamma.

Ranar da azahar hadari ya rufe gari, ɗakin duba marasa lafiya ya yi duhu, ga babu wuta. Mama Saratu tana ɗakin magani. Ban ji an buɗe ƙofa ba. Na ɗago kai kawai na ga mace zaune a kan benci, jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga zanenta. Fuskar fastar ce. Har tabon.

"Sista," in ji ta a hankali, "ƙirjina ne yana riƙe ni."

Na ce wa kaina, ke 'yar boko ce, hujja za ki bi. Na kama hannunta, sanyi kamar randa. Na maƙala na'urar. Babu bugu, babu lamba, sai ɗan layi yana ƙyaftawa. Na canza yatsa. Shiru. Na gwada a nawa, nan take ta nuna. Na mayar mata, ta sake yin shiru. Tsohuwar ta zuba mini ido ta ce, "Tun da aka kai ni mutuware jiya numfashi ya ƙi."

Gaskiya ban san lokacin da na tsallake teburi ba. Na dai ji muryata tana ihun "Jinin Yesu!", na ga kaina a tsakar gida cikin ruwa, takalmi ɗaya, masu fakewa a baranda suna kallona.

Da na leƙo ta taga, Mama Saratu na zaune kusa da matar. Ta riƙe wuyan hannunta tana ƙirga bugu, sannan ta sa tafin tsakanin nata biyu tana murzawa. Can ta ɗauki na'urata daga ƙasa, ta goge, ta maƙala. Lamba ta fito, kuma ta yi ƙasa sosai.

"Sista, in kin gama addu'a, kira mota. Kafanchan za ta yanzu."

'Yan biyu ne ashe, ita da matar da ke jikin fastar. Daga Zangon Kataf ta zo, aka kai ta mutuware ta ga gawar 'yar'uwarta, ranar kuma ruwa ya dake ta a kan mashin. Tabon ma na gidansu ne. Ciwon huhu ne ya kama ta, kuma da ta biye wa gudun nawa ta koma gida, da fasta biyu za a manna.

Muna sa ta a mota ta riƙe rigata. "Yarinya, ita ne ya mutu. Ni ban riga ba."

Kunya ta hana ni cin abinci ranar. Da yamma na tambayi Mama Saratu yadda ta san dabarar murza hannu. Ta nuna ƙa'idodin da na manna a bango da baki.

"Lamba biyu. In hannu ya yi sanyi, a ɗumama shi tukuna. Ba ke ce kika rubuta ba?"

Yanzu na'urar a aljihunta take kwana, ba mara lafiyan da ke wuce ta ba a auna shi ba. Ni kuma na koyi cewa kafin in yi wa wani wa'azin hujja, in fara karanta abin da na manna a bango. Tsohuwar ta warke. Duk lokacin da ta zo awo takan miƙo mini hannu ta ce, "Taɓa ki ji, yau da ɗumi."