Yadda Za Ka Gaji Sitikar Surukarka Tun Tana Raye

Kai da kake zagaya kasuwa kowace safiya a nan Ipoh ta ƙasar Malesiya kana neman inda za ka cusa mota, wahalarka ta ƙare. Akwai fili a bakin ƙofa, an shafe shi da shuɗin fenti, an zana keken guragu a tsakiya, faɗinsa ya ishi mota da rabi. Bi matakan nan, na yi maka alkawari filin ya zama naka. Ba daga littafi na ɗebo su ba. Wajen Rosdi na gani, maƙwabcina a bene, wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya ga ƙarshensu.

1. Samo mai lalurar

Sitikar naƙasassu ba ta da tsada, 'yan ringgit ne, kuɗin ƙasarmu. Tsadarta ɗaya: sai an rasa ƙafa ko makamancin haka. To wa ya ce lallai sai taka? Duba cikin dangi.

Rosdi bai yi nisa ba. Surukarsa, Mak Embun, wato Inna Embun, tana ɗakin baya, ciwon suga ya cinye mata ƙafar hagu. Shi ya kai ta wajen likita, shi ya bi layi a ofishin hukumar gari, shi ya manna sitikar a gilashin motarsa da hannunsa. Matarsa Norlia har da hawaye. An ce alheri danƙo ne. Gaskiya ne, musamman irin wanda ake mannawa a gilashi.

2. Bar mai ita a gida

Nan masu koyo ke yin kuskure: sai su ɗauki tsohuwar. Kada ka soma. Keke sai an naɗe, an ɗaga, an sauke, an buɗe. Sitika kuwa ba ta da nauyi, kuma ba ta tsayawa gaisawa da kowa.

Abu ɗaya Mak Embun take so a duniya: ran Asabar ta je kasuwa ta zaɓi kifinta da hannunta, yadda take yi tun ba a haifi Rosdi ba. Ta ɗaga kunnen kifi ta leƙa, ta zagi Ah Soon mai kifi, shi ma ya rama, ta dawo gida da ƙarfinta.

"Di, gobe Asabar fa," in ji ta, don haka take kiran Rosdi.

"Na sani, Mak. Ofis ne sun hana mu sakat. Sati mai zuwa, in sha Allahu."

"Kifin da ka kawo wancan satin, idonsa ya fi nawa dushewa."

"Haba Mak, kifi ai kifi ne."

"Haka ne. Suruki ma suruki ne."

Ofishin Rosdi na Asabar teburin mai shayi ne a cikin wannan kasuwar dai, inda yake zama da abokai ana gyara siyasar ƙasa har rana ta take. Ka lura da "in sha Allahu" ɗin nan. Ka riƙe shi da kyau, ba ya ƙarewa.

3. Zaɓi ƙafa ɗaya ka tsaya a kanta

Ba a fitowa daga motar da ke shuɗin fili ana tsalle. Sayi sanda. Ka yamutsa fuska kaɗan, kada ka cika, ɗingishi kamar gishiri ne. Abin da ya fi komai: ka tuna wacce ƙafar ce.

Rosdi a makon farko ya manta. Mydin mai shayi ya tsaya da kofi a hannu yana kallonsa.

"Bang Di, yayana, jiya ba dama ba ce?"

"Yawo yake yi, Mydin. Likitan ma ya rasa kansa."

"Subhanallah. Zauna, zauna, yayana. Kai, ba shi kujera mai jingina!"

Daga nan sai riba. Kujera mai jingina ta zama tasa. Ah Soon yana ƙara masa kifi ɗaya gyara. Wani dattijo, Pak Lazim, ya kawo masa man zafi daga ƙauyensu, yana yi masa addu'a bayan kowace salla. An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wanda ya faɗi haka bai leƙa ledar kifin Rosdi ba.

4. Tanadi amsa wa zuciyarka

Za ta ɗan yi maka ƙorafi a farko. Ce mata, ai filin kullum ba kowa. Kada ka bari ta tambaye ka ko masu shi sun zo ne sun tarar da motarka sun juya gida. Zuciya kamar yaro ce, in ka yi banza da ita za ta gaji ta yi barci.

5. Tuna yadda muke fakin

Ka san halinmu. In fili ya ƙare, sai a gicciye mota a bayan ta wani, a sa giya a firi, a saki birkin hannu, a tafi. Wanda aka tare ya tura ta gaba ya fita abinsa. Kowa ya san wannan. Abin da ba a gaya wa mai ɗingishi shi ne, turin mota ƙafa biyu yake so.

Wata Asabar Rosdi yana tsakiyar bayani kan farashin mai, sai Mydin ya ce, "Ga 'yan hukumar gari can da kwaɗon taya. Yau har katin naƙasa suke tambaya, sai sun ga mai sitikar da idonsu." Rosdi ya ajiye shayi. Ya ɗingisa zuwa ƙofa da saurin da ɗingishi bai taɓa yi ba. Sai ga wata tsohuwar mota mai duhun gilashi an gicciye masa ita a baya. Ma'aikatan kuwa saura layi ɗaya su iso.

"Tsaya, ɗana, kada ka wahalar da ƙafar," in ji Pak Lazim. Ya kira wasu tsofaffi biyu, suka dafa motar suna nishi. Ta motsa kamar taku ɗaya ta tsaya. Suka tsaya shan iska.

Rosdi ya dubi kwaɗon, ya dubi tsofaffin. Ya jefar da sanda. Ya kafa ƙafar dama, ya kafa ta hagu, ya sa kafaɗa, motar ta tafi sumul kamar jirgin ruwa. Kasuwa duk ta juyo tana kallonsa.

Sai gilashin baya na motar da ya tura, wanda dama aka bari a ɗan buɗe, ya ƙarasa sauka.

"Tura, Di, tura," in ji Mak Embun daga ciki. "Tun yaushe nake roƙonka ka tura ni a kasuwar nan. Yau Allah ya yi."

Wata maƙwabciya ce ta gaji da jin nishinta ta ɗauko ta. Da suka iso suka tarar an cinye shuɗin filin, kuma babu inda za a buɗe ƙofa a sauke keke, sai ta bar ta a mota ta shiga sayen kifin.

6. In asiri ya tonu, kama ƙafar surukarka

Wadda ta rage mata, nake nufi.

Ma'aikacin ya iso, ya dubi sitika, ya dubi sandar da ke kwance a ƙasa. "Malam, sitikar nan ta wa ce?"

Rosdi ya juya ya dubi tsohuwar. Ta bar shi ya jiƙa da gumi tukuna, sannan ta zaro katinta daga jaka.

"Tawa ce, ɗan nan. Surukina ne. Riga ni zuwa ya yi ya kama mini wuri. Kowace Asabar zai riƙa kawo ni daga yau, ko ba haka ba, Di?"

"Haka ne, Mak."

"Ban ji in sha Allahu ba."

"Haka ne kawai, Mak."

"To fito da keken." Ta ɗaga murya yadda har masu kayan miya za su ji. "Jama'a, ku taya ni godiya! Allah ya warkar da surukina yanzun nan a gaban idonku!"

Pak Lazim ya ce man zafinsa ne. Babu wanda ya yi masa gardama. Rosdi ya tura keken ta gaban kowane teburi, ita kuwa ta tsaya gaisawa da kowa. Ah Soon ya ce ai ya ɗauka ta mutu, ta ce kifinsa ne ya mutu tun bara. Da suka wuce wajen shayi Mydin ya leƙo.

"Bang Di, yau wacce ƙafar ce?"

"Duka biyun, Mydin."

Sanarwa

Alkawarin da na yi na cika: har yau motar Rosdi tana shuɗin filin kowace Asabar, kuma babu mai ce masa uffan. Abin da zai biyo bayan matakan nan a wajenka, na kwaɗon taya ne, na kunya ne, ko na ciwon baya, ba ruwana, ba hannuna. E, ni ce maƙwabciyar nan. Masu cewa da gangan na gicciye motata a bayan tasa kuwa, su ji tsoron Allah. Ni dai na sa giya a firi, na saki birki, kamar yadda kowa yake yi.