Kwana Bakwai Ba a Kashe Ko Sisi a Gidan Tsalha

A Rafin Kanya akwai wani magidanci ana ce masa Tsalha. Ƙato ne, mai ƙarfi, mai kirki, bai taɓa zagin ko akuya ba. Matsalarsa ɗaya ce: yadda ka faɗa masa magana, haka zai ɗauke ta ya dire ta, ba ragi ba ƙari. Matarsa Lantana, mai sayar da ƙuli-ƙuli, ita ke yi wa gidan tunani, nata da nasa duka. Suna da 'yan mata biyu ƙanana, Indo da Ladidi, waɗanda ke kwana a wani tsohon soro mai yoyo. Daminar bara, ƙorai da tukwanen tarar ruwa sun fi yaran samun wuri a ɗakin.

To, sai Lantana ta kwashi adashi ran Laraba da yamma, bayan kasuwa ta watse. Kuɗin sun isa sayen kwanon rufi daidai wa daida, amma kwano sai wata Larabar, ga shi hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ta kuwa san halin gidanta, kuɗi ba sa kwana uku a cikinsa. Yau tsire, gobe shayi, jibi katin waya, gata gudunmawar biki, sai a wayi gari babu. Ta ƙulle kuɗin a tsumma, ta cusa a gwangwani, ta kira mijinta.

"Malam, kwana bakwai za mu yi, ko sisi kar ya fita daga gidan nan. Ka ji?"

Tsalha ya ce, "Na ji."

Duk wanda ya san Tsalha, in ya ce ya ji, gabansa faɗuwa yake yi.

Wata rana, kwana ɗaya da kafa dokar, Liman Isiyaku ya dawo daga wurin suna, rana ta dame shi, ya shiga zauren Tsalha ya sha inuwa. Aka gaisa, aka kawo ruwa. Da ya miƙe zai tafi, sai ya ga mai gida ya cika ƙofa.

"Allah gafarta Malam, akwai kuɗi a aljihunka?"

Liman ya ce, "Akwai 'yar sadakar da aka ba ni. Lafiya?"

"To sun shigo ke nan. Ba fita sai Laraba."

Liman ya ja aya, ya ja hadisi, ya yi lallashi, ya yi faɗa. Tsalha ya saurara cikin ladabi, har da cewa "Sadaƙallahu", amma bai matsa ba. Ladan ya kira azahar, jama'a suka yi sahu, ba liman. Sai da hayaniya ta kai cikin gida Lantana ta leƙo, ta dafe kai. Ta ce, "Kuɗinmu nake nufi, Malam, namu!" Ranar Liman ya ja salla da gajerun surori, kuma ƙwaryar ƙuli-ƙuli guda ta tafi gidansa ban haƙuri.

Wata rana kuma Tsalha ya dubi miyar kuka, ya dubi matarsa, ya tambaya ko ba za a sayo ɗan nama ba. Ta ce, "Ba sayen komai. Abin da ke cikin gidan nan shi za mu ci." Ta yafa mayafi ta tafi rijiya. Ba ta daɗe da fita ba, zakaran Iya Tabawa maƙwabciyarsu ya tsallako katanga, yana taƙama a tsakar gida kamar shi ya gina ta. Tsalha ya dubi zakara, ya dubi katanga, ya tabbatar lallai yana daga ciki. Kafin Lantana ta dawo har an fige. Iya Tabawa ta zo da zage-zagen da suka girmi Tsalha, shi kuwa yana ta nuna mata daidai inda zakaran ya tsaya, don ta gani da idonta cewa cikin gida ne. Kazar Lantana mai ƙwai ita ta biya. Miyar dai ta yi daɗi, wannan kam ko Lantana ba ta musa ba, ko da yake da hawaye ta sha.

Wata rana da la'asar ya dawo gida baki na ƙyalli, yana sakace. Lantana ta shaƙi ƙamshin yaji, ta ruga ta duba gwangwani. Ƙullin na nan yadda ta bar shi.

"Malam, da me ka sayi tsire?"

Ya ce, "Ban kashe ko sisi ba, wallahi. Musaya muka yi."

"Musaya da me?"

"Da turmi."

Turmin da take daka gyaɗa ke nan, wanda sana'arta ke kansa. Da ƙyar mai tsire ya yarda ya mayar, bayan ya gama dariya har da riƙe ciki, kuma sai da ta yi masa alkawarin garin ƙuli na yajin mako guda. Ta dawo da turmi a ka, ta ce wa mijin, "Daga yau ko tsinke kar ka ba kowa." Shi ya sa da maƙwabci ya aiko a sam masa wuta, aka koma da kasko babu ko garwashi.

Kar mai karatu ya ɗauka Tsalha kaɗai ne ƙofar da kuɗi ke bi su fita. Lantana ma tana da tata, kuma ta fi tasa faɗi.

Wata rana, ana gobe kasuwa, sai ga Hajiya Gaje dillaliya ta yi sallama da ƙunshi a ka. Ta baje atamfa a tabarma, ankon bikin 'yar ƙanwar Lantana. Ta ce, "Turmi ɗaya ya rage, ƙawata. Kowa ya karɓa sai ke. Ki shiga taro da tsohon zane, a ce babbar uwa ce?" Lantana ta shafa atamfar. Ta ajiye, ta sake ɗauka. Ta ce za ta kawo ruwa, ta shiga ɗaki, sai ta tsinci kanta gwangwani na hannunta, ta ma fara kwance ƙullin. Gaskiya ta so zanen nan har cikin ranta, kuma ta san in ta ƙara minti biyu da kuɗin, yaranta za su sake damina a ƙarƙashin yoyo. Ta fito ta bayan ɗaki, ta danƙa wa mijinta.

"Ungo. Kai shi inda hannuna ba zai kai ba. Yi sauri!"

Tsalha ya auna tsawon hannunta da ido. Ya duba saman rumbu, ya ga in ta taka turmi za ta kai. Sai ya jingina tsani a jikin soron yara, ya hau, ya taka har tsakiyar rufin don ya tabbatar. Ya buɗe baki zai tambaye ta ko nan ya yi, sai aka ji rugum! Rufi ya tafi da shi ƙasa, ƙura ta turnuƙe gidan. Hajiya Gaje ta tattara atamfarta ta yi waje, ko sallama babu, ta bar takalmi ɗaya.

Maƙwabta suka cika gida. Aka tono Tsalha, fari fat da ƙasa, goshi ya kumbura, gwangwani na rungume a ƙirjinsa. Lantana ta cika ta batse, tana shirin sauke masa duk abin da ta tara tun ranar Liman. Sai Sarkin Magina, da ke cikin taron, ya ɗauki guntun azara, itacen da ke riƙe da rufin, ya murza a tafin hannu, ya zama gari.

Ya ce, "Gara ta cinye su tas. Rufin nan ruwan farko yake jira. In ya jiƙe ya yi nauyi, ba ya kai asuba."

Lantana ta juya ta dubi ɗakin. Gefen tabarmar Indo da Ladidi ne kawai ya leƙo daga ƙarƙashin tulin ƙasar da sai ƙarti huɗu za su iya ɗagawa. Yaran kuwa ga su can bakin zaure, sun dawo daga makarantar allo, suna ta dariyar babansu. Lantana ta zauna a ƙasa, ta jawo su jikinta, ta fashe da kuka.

Washegari aka sayo kwano, kuɗi ba su yi ciwon kai ba. Maza suka yi gayya suka buga shi kyauta, har Liman ya riƙe tsani. Ana buga ƙusa ta ƙarshe da la'asar, ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Lantana ta tsaya a sabon ɗakin tana jin ƙarar ruwa a kan kwano, ko ɗigo bai sauko ba. Ta dubi mijinta da kumburarren goshinsa, tausayinsa ya kama ta.

Ta ce, "Malam, Allah ya yi maka albarka. Da ba ka hau rufin nan ba, da yau ba mu da 'ya'ya."

Tsalha ya juya maganar a ransa. Can sai ya miƙe ya nufi tsani.

"Ina kuma za ka cikin ruwan nan?"

Ya ce, "Ai saura ɗakinmu."