Kwat Ɗina da Dodon Kwali

Da na dawo Ƙofa daga yawon duniya, na zo da wani wasan kwali na Turawa: kowa da jaruminsa, a jefa ɗan lido, a kashe dodanni. Na ce wannan ba tarbiyya ba ce. Ni da na ji Larabci da Faransanci, gyaran wasa zai gagare ni? Na kafa doka: duk wanda ya yi sadaka a ranar, ƙarfin jaruminsa ya ninku.

Taubashina Sale, wanda kullum dodo ke cinye jaruminsa, ya zo yana murmushi.

"Alhaji, yau na tufatar da bawan Allah."

Na sa masa albarka, na ninka wa jaruminsa ƙarfi da hannuna, ya sare dodon. Sai ga Jauro makiyayi da shanunsa, sanye da kwat ɗin ulun da na sayo a Istanbul, yana ɗaga mini hannu.

"Sale! Ai nawa ne!"

"Dokarka ta ce a bayar. Ta ce na wa?"

Wa zai tuɓe wa mutum sadaka? Har yau in sanyi ya shigo, sai Sale ya leƙo: "Sarkin doka, ko a aro maka wajen Jauro?"