Gara a Gafakar Kakana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban 'yan mata cike da ɗakin taro ina yi musu bayanin yadda dauloli ke rushewa, alhali tawa daular tana kan tebur a gabana, ta daɗe da rushewa, ni kaɗai ne labari bai iso wa ba.

Bari in ɗauko daga tushe, don ni ban iya labari da gaggawa ba. A gidanmu na Madabo akwai wani littafi da kakana ya rubuta da hannunsa, da ajami, warƙa arba'in da 'yan kai. A ciki ya tattara abin da ya ji daga dattawa game da malaman da suka taso daga ƙasar Mali suka shigo Kano da addini, da waɗanda suka yi karatu a wurinsu, har zuwa kan nasa malamin. Na karance shi a gaban mahaifina ina saurayi. Da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa littafin ya dawo hannuna, sai na sa shi a gafakarsa ta fata, na ɗaure, na jingina a alkukin ɗakina, ɗan kogon nan na jikin bango, na ce ya huta. Hutun nan ya kai shekara ashirin da biyu.

Ba mantawa na yi da shi ba. Kullum yana bakina. Baƙo ba ya shan ruwa a zaurena ya tashi bai ji labarinsa ba. In na ga mutum mai daraja ne, har bakin ƙofar ɗaki nake kai shi in nuna masa gafakar daga nesa, kamar yadda ake nuna jinjirin wata.

Mutum biyu ne suka nemi fiye da kallo. Na farko Malam Garba, wani tela a Zaitawa. Mahaifinsa ya kwafi littafin tun kakana yana da rai, yadda ake yi a da: ka ara, ka kwafa, ka mayar, ka yi wa mai shi addu'a. Da wannan kwafin Malam Garba yake karantar da abokan sana'arsa bayan la'asar. Sau uku yana sallama a ƙofata.

"Malam, warƙa biyun ƙarshe ne suka ɓace mini, inda sunayen malamai suke. Ba sai na fita da shi ba. A nan zaure zan zauna in kwafa, kana kallona."

Ni kuwa amsata ɗaya ce duk zuwa: "Malam Garba, kayan gado ne. Sai an sa rana."

(Gaskiyar da ban faɗa masa ba, kuma ban faɗa wa kaina ba sai daga baya: in nasa ya cika, to da me na fi shi?)

Ta biyu Bilkisu ce, 'yar ƙanwata, mai koyar da tarihi a wata sakandaren 'yan mata a Gwale. Ta ce, "Kawu, ko hoto ka bari in ɗauka da waya, saboda halin rayuwa." Na ce mata littafin da ya ga zuwan Turawa ya ga tafiyarsu, ba wayar da ba ta iya kwana biyu ba caji ce za ta tsare shi ba. Ta yi dariya ta ƙyale ni.

Ita ce kuma ta zo daga baya da gayyata. Makarantarsu na makon tarihi, suna son dattijo ya yi magana kan faɗuwar tsoffin dauloli da yaɗuwar addinai. "Kawu, littafin makaranta ya ba su sunaye da shekaru, bai ba su labari ba. Kai ne za ka iya." Wannan magana ta shige ni fiye da yadda ya kamata ta shigi mai furfura. Nan take na ce ba labari kaɗai ba, har littafin kakana zan kawo in buɗe a gabansu. Murna ta sa ta gayyato dattawan unguwanni, ciki har da Malam Garba.

Da safiyar ranar na sauko da gafakar, na goge ta da ƙyalle. Uwargidana tana kallona ta ce, "Malam, ka kwance ka duba mana kafin ka fita. Ko buhun gero ne ai akan leƙa."

Na miƙa mata na ce, "Ɗaga ki ji nauyi. Wannan ya yi miki kama da abin da ya taɓu?"

Ta ɗaga, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ni so nake buɗewar farko bayan shekara ashirin da biyu ta zama a gaban jama'a. Riya ce, na sani, amma ranar na sa mata suna girmama ilimi.

Maganar kam ta yi daɗi, ba yabon kai ba. Na ba su labarin Rum da Farisa, yadda suka shekara aru-aru suna gwabzawa har kowace ta gajiyar da 'yar'uwarta. Na ce Rumawa sun shimfiɗa hanyoyi don rundunarsu, sai masu wa'azin Kiristanci suka bi hanyoyin da ƙafa. Runduna ta watse, addinin ya zauna. Na ce haka Musulunci ya ƙetaro hamada a cikin kayan fatake, takarda a gefen gishiri. Mali ta yi zamani ta kwanta, Songhai ta tashi ita ma ta kwanta, amma alƙiblar da suka fuskanta har yau ita muke fuskanta. Na ce dalili ɗaya ne: mai mulki tarawa yake yi ya kulle, mai addini rabawa yake yi. Abin da aka kulle wuri ɗaya, maƙiyi ɗaya ya ishe shi. Abin da aka raba kuwa, sai ka bi gida-gida kafin ka kashe shi.

Da na ga sun yi tsit, sai na ƙara gishiri. Na ce, "'Ya'yana, daula ba ta faɗuwa ranar da aka fasa ganuwarta. Ranar ce kawai mutane suke gani. Kun san azarar da gara ta shiga? Daga waje lafiya lau, mai gida yana ta alfahari da soronsa, ciki kuwa ƙasa ce zalla."

(Da bakina na faɗi wannan. Akwai shaidu.)

Sannan na ce, "Mu dai alhamdu lillahi, mun tsare namu." Da alwalata, na yi bismilla, na kwance igiyar. Fatar ta bushe, sai da na ɗan ja da ƙarfi. Na karkato da gafakar don littafin ya zamo hannuna.

Jar ƙasa ce ta zubo. Shaaa, a kan farin ƙyallen tebur, daidai bakin lasifika, har na bayan ɗaki sai da suka ji. Ta yi ta zuba kamar ba za ta ƙare ba. A cikinta ga 'yan guntayen takarda, babbansu bai wuce farcen babban yatsa ba, wani da harafi ɗaya, wani da ɗigon jar tawada. Ashe ta bayan gafakar, inda ta jingina da bango, gara ta huda ta shiga. Ta cinye takarda ta cike gurbin da ƙasa, shi ne nauyin da nake taƙama da shi. Ita kanta garar ba ko ɗaya. Ta ci ta tashi, kamar kowane mai cin daula.

Ina tsaye da gafakar a hannu sai shugabar makarantar ta miƙe. "Allahu Akbar! Ku tafa wa Malam! Kun ga koyarwa a aikace? Ya faɗa, kuma ya nuna!"

Ɗaki ya ɗauki tafi. Kuma wallahi Shaiɗan ya zo kunnena da shawara mai sauƙi: yi murmushi, ɗan sunkuya, ka ce na gaskiyar yana gida. Har leɓena ya fara motsi. Sai na haɗa ido da Bilkisu. Ita ba ta tafa ba, hannunta yana kan bakinta. Can baya Malam Garba ya sunkuyar da kai. Su biyun sun san gafakar.

Na ce, "Hajiya, a dakata da tafin nan. Ba shiri ba ne. Wannan ƙasar littafin kakana ce. Mai gidan da nake ba ku labari, mai alfahari da soro, ni ne."

Tafin ya mutu a hankali, daga gaba zuwa baya. Wata yarinya can ta kasa riƙe dariya, ban kuma ga laifinta ba. Ban san yadda aka rufe taron ba. Na dai ga mai shara ta nufo da tsintsiya, sai Malam Garba ya tare ta.

"A'a, Baba, akwai sunan Allah a ciki. Ba a share wannan."

Ya shimfiɗa rawaninsa, muka riƙa tattara ƙasar da tafin hannu, ni da shi, don a binne a wuri mai tsarki. Bai dube ni ba sai da muka gama.

"Malam, nawa yana nan. Ya sha hannu, gefensa duk ya yi baƙi, wata warƙar har miya ta sha. Amma yana karantuwa. Ka zo gobe bayan la'asar da alƙalaminka." Ya ƙulle bakin rawanin, sannan ya ce, "Ko sai an sa rana?"

Na je. Wata huɗu ina zama a shagonsa tsakanin kekunan ɗinki ina kwafar littafin kakana daga hannun mutumin da na hana warƙa biyu. Kwafi uku na yi, Bilkisu ta ɗauki hoton kowane shafi da wayar nan da na raina. Warƙa biyun ƙarshe kuwa sun tafi. Na matse ƙwaƙwalwata na tuno suna bakwai, sauran malaman Allah ya san su, ni ne na binne su karo na biyu. Na bar gurbinsu fari a kowane kwafi, kuma duk wanda ya tambaya ina gaya masa dalili.

Yanzu in baƙo ya zo, littafin nake ɗora masa a cinya, in ya ce aro in ce ɗauki. Darasin da na samu bai da tsawo: in ka ji malami ya ƙware wajen wa'azi kan gara, ka yi masa uzuri, amma ka tambaye shi yaushe rabonsa da leƙa alkukinsa.