Haramin Baba da Tulun Man Shanu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka raka Baba filin jirgin sama ba, shekarar da ya tafi Hajji, jim kaɗan bayan samun 'yancin kai. Lokacin ina malamin awon auduga a Funtua, kaina ya kumbura, don duk gidanmu a Ƙarfi ni kaɗai ke karanta boko. Shi ya sa aka bar mini shirya kaya.

Haramin Baba fararen gwado biyu ne. Marigayiya Inna ce ta kaɗa zaren da audugar gonarmu, ta saƙa masa da hannunta, ta rasu bai samu tafiya ba. Ya ƙulle su a ɗan tsumma, ya ce a hannu zai riƙe.

"Haba Baba," na ce, "jirgin sama fa ba motar Dayi ba ce. Can lallaɓa kaya ake yi. Kada ka sa a yi mana dariya da ƙunshi."

(Ni da ke wannan bayani, jirgi a sama kawai na taɓa hangowa.)

Na karɓe ƙunshin na shimfiɗa a ƙasan akwatin ƙarfe. Na ɗora tulun man shanu a kai, na toshe bakinsa da ganye kamar yadda muke yi in za a ɗora wa jaki, na kewaye shi da ƙullin yaji da kuka. Har na rubuta sunana ɓaro-ɓaro a murfin, wai don a san mai ilimi ne ya shirya.

A filin jirgi aka karɓi kaya, muka tsaya bayan shingen waya muna kallo. Sai ga ƙarti biyu a kan mota suna wurgo akwatuna ƙasa kamar buhunan masara, suna ta hirarsu. Namu ya sauka ta kusurwa, kwaɗon ya ɓalle. Rana ta riga ta narkar da man, sai ya malalo ja wur da yaji.

Ɗayansu ya kira sunana da ƙarfi, ya ɗaga gwadon sama yana ɗiga. "Wane ne ya sa tulu a akwati? Malam, kasuwar Bakori ka zaci za shi?"

Alhazai suka juyo. Wasu suka dara, wasu suka tausaya, kuma tausayin ya fi yi mini ciwo. Na fito sumui-sumui na karɓa, yaji na sa ni atishawa, hawaye na zuba, kowa ya ɗauka yajin ne.

Na ce zan ruga in sayo farin yadi. Baba ya shafa gwadon.

"Bar shi," ya ce. "Nata ne. Da shi zan tafi."

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na samu sauƙi.

Baba bai dawo ba. Zazzaɓi ya kama shi a Mina, can ya rasu. Maƙwabcinmu Alhaji Sule, wanda suka tafi tare, ya ce sau uku Baba ya wanke haramin tabon bai fita ba, kuma a cikinsa aka binne shi.

Yanzu in tsoho ya ce zai riƙe abinsa a hannu, bakina nake kamawa, in ɗaukar masa buta.