Goyon Manu

"Ku fidda tsohon nan, ƙafarshi ta mutu!" Ni na faɗi haka ranar wasanmu da 'yan Maiyama, na taho daga Birnin Kebbi da sabon takalmi ina ji da kaina. Kawu Manu, ɗan wasan gabanmu na Jega, ya daɗe bai ci ƙwallo ba. Sai ya tuɓe rigarshi ya miƙo min.

Gudun farko cinyata ta riƙe, na zube gaban raga. Anka fidda mu daga gasar. Kawu Manu shi ya goya ni har titi, shina cewa, "Sannu ɗana."

Bai sake bugawa ba. Ni ko har masu albasar Aliero "Goyon Manu" suke kirana. Jama'a, da wace fuska zan je gida Sallah?